Tsohon da gigin tsufa ya kama ba zai kai ƙara ba: yadda za ka auna jinyar da ake yi masa a Zariya

Ranar da na gane akwai gyara a jinyar Gwaggona, ita ce ranar da kowa ya fi yaba jinyar. Mun je gaishe ta da hantsi, muka tarar an yi mata wanka, an ɗaura mata sabon ɗankwali, tana kwance lamo. Matar da ta saba tuhumar jikokinta da sace mata zannuwa, mai tashi tsakar dare ta ce a buɗe mata ƙofa za ta gidan mahaifinta a cikin birni, ita ce yau ko sallamarmu ba ta amsa ba. 'Yan'uwa suka ce alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. Sai da na tallabo ta zan ba ta kunu na ji wuyanta ya saki, yawu na bin gefen bakinta. Na ce wa mai jinyar, "Malama, me ake ba ta da daddare?" Ta ɗauko wata ƙwayar barci da aka sayo a kemis, wadda babu likitan da ya rubuta. Matar ba muguwa ba ce. Ta yi kwana da kwanaki ba ta runtsa ba, wani ya ba ta shawara, ta bi.

Mai karaya zai gaya maka an ƙi juya shi. Mai ciwon suga zai ce yau ba a yi masa allura ba. Wanda gigin tsufa ya kama kuwa, ko dai ya manta abin da aka yi masa, ko ya faɗa a ce ai rikicewa ce. Don haka duk wanda ya damƙa irin wannan dattijo a hannun wasu, sai ya koyi karanta jinyar daga jikin tsohon, da kwalin maganinsa, da littafin da ake rubuta abin da ya faru, da halin da zai tarar idan ya zo ba zato.

Gidajen kula da tsofaffi ba su da yawa a ƙasar Hausa, kuma a Zariya har gobe kai mahaifi irin wannan gida abin kunya ne a idon mutane da dama. Amma damƙa jinya a hannun wani ya riga ya zama ruwan dare. 'Ya'ya na aiki a Abuja ko Legas, an ɗauki mai jinya ana biyanta duk wata. Ko an kwantar da tsohon a asibitin kuɗi na makonni, ko an mayar da shi gidan wata ƙanwa a Tudun Jukun, ko an sami gidan kula da tsofaffin a wani gari an kai shi. Abin da ke tafe ya shafi dukkansu.

Mataki na farko: a san ciwon tukuna

Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewar tsufa, likitoci na kiransa dimenshiya, kuma iri-iri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da shi a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuma nau'in da ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906. Shi wannan sannu a hankali yake shigowa. Tsoho ya manta ya ci abinci ɗazu, alhali labarin zamanin Sardauna na nan daram a kansa. Akwai kuma wanda ke biyo bayan hawan jini da suga da shanyewar ɓarin jiki, saboda hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sun lalace. Wannan sau da yawa yakan tsaya wuri ɗaya wata da watanni, sai a wayi gari an ƙara rasa wani abu. Tsufa kaɗai ba ya kawo haka. Ga 'yan shekara 90 nan a sahun gaba na masallatan unguwa, hankalinsu garau.

Tambayar farko ga masu jinya ita ce: wane likita ya gan shi, yaushe, me ya rubuta? In babu amsa, nan aikinka zai fara. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin ƙwaƙwalwa da na jijiyoyi. Ana iya farawa daga Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin Wusasa a karɓi takardar turawa. A Kaduna kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Na san da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa wani a cikin dangi zai ce "Babanmu ba mahaukaci ba ne." Ka yi masa bayani da lalama cewa akwai abubuwan da ke kama da gigin tsufa amma suna jin magani: ƙarancin bitamin B12, matsalar halittar wuya da ke jawo maƙoƙo, matsanancin baƙin ciki bayan rasuwar abokin zama, da tarin magunguna. Kurumta da yanar ido su ma kan sa a ɗauka mutum ya ruɗe, alhali ji da gani ne suka yi ƙasa, ga kuma cibiyar ido da ta kunne na tarayya duk a Kaduna.

Akwai bambanci guda da nake so kowa ya riƙe, don a kansa ake rasa rayuka. Gigin tsufa cikin watanni da shekaru yake tafiya. Rikicewar da ta zo farat ɗaya, cikin yini ko kwana biyu, wani ciwo ne daban ya hau kai: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, limoniya, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar suga, riƙewar fitsari ko bayan gida, ko sabon magani. Wani ya yi ta fizge-fizge, wani kuma ya yi laƙwas yana ta barci, shi ne ma wanda aka fi sakaci da shi. Ka gwada mai jinya da wannan: "Sista, idan Baba ya kwanta jiya yana gane ki, yau ya tashi bai san kowa ba, me za ki yi?" Wadda ta ce za ta auna zafin jikinsa da suga, ta duba fitsari da bayan gida, ta kira ka, a kai shi asibiti a ranar, ta san aikinta. Wadda ta ce "ai ciwon ne ya ƙaru, sai haƙuri," tana buƙatar a koya mata kafin a bar mata shi.

Mataki na biyu: ka je ba sanarwa, a lokuta mabambanta

Gani ya kori ji, amma ganin ranar Juma'a bayan masallaci, lokacin da kowa ya san dangi na tafe, ba ya korar komai. Ka je da sassafe kafin a share wuri. Ka je lokacin cin abinci. Ka je gab da magariba.

Da safe hancinka zai fara ba ka labari. Tsoho na iya ɓata shimfiɗa a kowane lokaci, wannan ba laifin kowa ba ne. Zarnin da ya kama katifa da labule da bango shi ke nuna ana barinsa cikin jiƙa na awanni. Ɗaga zanin gado ka duba ledar da ke ƙasa. Leƙa fo da banɗaki. Duba ko akwai ruwa, don matsalar ruwa ba baƙuwa ba ce a Zariya, kuma inda ake tsimin ruwa wankan tsoho ake fara ragewa.

Zuwan yamma ya fi kowanne faɗin gaskiya. Daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i masu wannan larura da yawa kan birkice, su haɗa kaya su ce za su tafi gida, su nemi iyayensu da suka daɗe da rasuwa. A gidajenmu akan ce lokacin fitar iska ne. Addu'a da tofi babu mai hana su, sai dai a sani gajiya da yunwa da dusashewar haske, da inuwar da ke sauya kamannin ɗaki, duk suna da hannu a ciki. Tsaya gefe ka ga yadda ake yi da shi. Mai jinyar kirki za ta kunna fitila tun duhu bai shigo ba, ta rage ƙarar talabijin, ta miƙa masa ɗan abin taɓawa. Idan tsohuwa ta ce za ta wajen mahaifinta, ba za ta ce mata "ya mutu shekara 40" ba, don kowace faɗa sabuwar rasuwa ce a wurinta. Sai dai ta ce, "Hajiya, bari mu yi magariba tukuna. Wai me Malam yake sayo muku in ya dawo kasuwa?" Hira ta ɗauke ta, tafiyar ta bi iska.

Ka kuma saurari yadda ake kiransa. Mutumin da ya yi shekara 30 ana ce masa Malam ko Alhaji ko Baba, bai kamata yau a koma ce masa "kai tsoho" ba, ko a riƙa maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin. Ko sunan 'ya'yansa ya ɓace masa, yana gane murya mai mutuntawa da mai wulaƙantawa. Lura da shi idan mai jinya ta matso. In ya sake jiki, alama ce mai kyau. In ya zabura ko ya kare fuska da hannu, kada ka bar wannan ya wuce.

Mataki na uku: karanta jiki

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Nemi a yi wanka ko sauya kaya kana nan, mace ta duba mace, namiji ya duba namiji. Kunya na hana mu wannan, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Fara da baki. Busasshen harshe da tsagaggun leɓɓa ƙishirwa ce. Farin abu a harshe da cikin kumatu, kamar guntun madara da ba ya goguwa da sauƙi, ciwo ne mai hana cin abinci, kuma yana da magani. Haƙori mai girgiɗi ko ruɓewa na iya zama dalilin da Baba ke ture cokali. Duba farata, da tsakanin yatsun ƙafa musamman ga mai suga, da matsematsi da ƙarƙashin ƙirji inda gumi ke kwanciya.

Sannan wuraren da ƙashi ke danne fata: ƙarshen ƙashin baya wajen mazaunai, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa da ƙeya. Nan gyambon kwanciya ke tsirowa. Bayanai da yawa na cewa a nemi inda ya yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Kai ka nemi inda ya fi sauran jiki duhu ko ya yi sheƙi, ka taɓa ka ji ko ya fi kewayensa zafi ko tauri. Tun a nan ake tare shi, kafin ya fashe. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kamar duk awa biyu, dare da rana, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a ɗage dunduniya daga katifa. Kada a murza wurin, kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a shafa man zafi. Tambayi mai jinya wa ke juya shi da ƙarfe 2 na dare. Idan ta yi jim, ka sami amsa. Gyambon da ya yi rami ko yake wari aikin asibiti ne, ba na toka ko garin kafso ba.

Fatar tsoho ba ta da wuyar ɓurma, saboda haka tabo ɗaya bai isa a tuhumi kowa ba. Ka tambaya, ka ga ko bayanin ya yi daidai da tabon, ko kuma an rubuta ranar da ya faɗi. Amma shaidar da ta zagaye wuyan hannu ko ƙafa ta ɗauri ce. Ɗaure tsoho a gado ko kulle shi shi kaɗai a ɗaki na ƙara masa firgici, ya kashe masa ƙafafu, wani ma garin ƙoƙarin kwancewa yake jin mummunan rauni. Mutanen Zariya ba su manta da gidajen marin da hukuma ta bankaɗo a Kaduna da nan garin a 2019 ba. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kare masu larurar ƙwaƙwalwa daga azabtarwa da wulaƙanci. Duk inda ka ga igiya ko sarƙa, ba sai ka jira taron dangi ba.

Rama kuma a hankali take shigowa, wanda ke ganinsa kullum ba ya lura. A ɗora shi a sikeli sau ɗaya a wata a rubuta. Mai kilo 60 da ya zubar da kilo 3 cikin wata shida ba tare da dalili ba, likita ya kamata ya gan shi. In ba ya iya tsayawa, zobe da agogo da ɗaurin zani za su gaya maka. Zauna ka ga cin abinci tun daga farko har ƙarshe. Ajiye kwano a gabansa a dawo a ɗauke ba ciyarwa ba ce, don wani ya manta abin da ake yi da cokali, sai an fara kai masa loma ɗaya sannan hannunsa ya tuna. Koko safe da yamma ba ya riƙe jiki. A nemi kunun gyaɗa, alale, ƙwai, madara, ayaba, faten da ya ji wake da ganye ya dahu luguf, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, gwargwadon abin da likita ya yarda idan akwai suga. A zaunar da shi sosai, ya kuma ci gaba da zama kamar minti 30 bayan ya gama. Idan yana tari ko ƙwarewa in ya sha ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, haɗiya ta fara samun matsala, abinci na iya bin hanyar iska ya jawo limoniya. A gaya wa likita. Ɗura kuwa, irin wadda ake yi wa jarirai a da, kada a kuskura a yi wa tsoho.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Zariya ke kan ganiyarsa, ruwa ya zama magani. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, mai gigin tsufa kuma ba zai tambaya ba. In likita bai taƙaita masa ba saboda zuciya ko ƙoda, a nufi kamar lita ɗaya da rabi a yini, wato kusan ledar fiya wata uku, ana miƙa masa kurɓi-kurɓi. Fitsarin da ya yi duhu kamar shayi gargaɗi ne. Haka kwana uku ba bayan gida. Robar fitsari kuma sai likita ya ga dalili. Sa ta don a huta da wanki na buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya.

Mataki na huɗu: juye ledar magani

Tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da jiƙe-jiƙen gargajiya da wanda wata jika ta aiko daga Saudiyya, ka baje a tabarma. Kowanne ka tambaya: na mene ne, wa ya rubuta, tun yaushe? Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sannan ƙirga. Idan an sayo ƙwaya 30 ta hawan jini ranar 1 ga wata, ana sha ɗaya kullum, ranar 15 ya kamata a ga kusan rabi. In ka tarar da 25, ana tsallakewa. In ka tarar da 5, ana ninkawa, ko tsohon na ɗauka da kansa ya manta ya sha.

Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don ka gane su. Donepezil da memantine da 'yan'uwansu ana ba da su ne don gigin tsufar kansa. Ba sa warkarwa, suna dai rage wa wasu alamun na ɗan lokaci. Donepezil na iya kawo tashin zuciya da gudawa da rama, ya kuma rage bugun zuciya, don haka a riƙa aunawa. Duk wanda ya ce yana da maganin da zai dawo da ƙwaƙwalwar Baba yadda take, kuɗinka yake so.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu kwantar da mutum. Diazepam na ƙara ruɗewa da jiri da faɗuwa, faɗuwar tsoho kuma sau da yawa karayar kwatangwalo ce. Haloperidol da risperidone suna da ranarsu, idan mutum na neman cutar da kansa ko wani, amma an tabbatar suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga masu gigin tsufa. Shi ya sa likita ne kaɗai zai rubuta su, kaɗan, na ɗan lokaci, yana sake dubawa. Piriton da amitriptyline da wasu magungunan mura su ma kan dagula tunanin tsoho. Glibenclamide na suga na iya kayar da sugan wanda bai ci abinci ba har ya suma. Diclofenac da ibuprofen da ake sha kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa na cin ciki da ƙoda. Kada ka tsayar da ko ɗaya da kanka, musamman maganin barcin da aka daɗe ana sha, don yanke shi farat ɗaya na iya kawo jijjiga. Kai ledar gaba ɗaya wurin likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani.

Haka muka yi da Gwaggo. Likita ya janye ƙwayar sannu a hankali, ya kuma gano abin da ke hana ta barci: gwiwoyinta ne ke ciwo, ba ta da bakin faɗa. Wannan ya zama ruwan dare. Tsohon da ke duka in an zo yi masa wanka, ko yake nishi, ko ɗaure fuska, ko riƙe wani sashe na jiki, a fara zargin ciwo kafin a ce rigima ce. Labarin zuciya a tambayi fuska, na ciwo ma haka.

Mataki na biyar: su wa ke aikin, su nawa ne

Farar riga ba ta mayar da mutum nas. Nas ta gaskiya na da lasisin hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, kuma ba rashin kunya ba ne ka nemi gani. Mai haƙuri da tsabta da tsoron Allah na iya wanka da ciyarwa da hira fiye da mai takarda, amma allura da ƙarin ruwa da robar fitsari da wankin gyambo na wanda ya koya ne. A gidan kula da tsofaffi, tambayi mutum nawa ke kwana a bakin aiki, tsofaffi nawa ke hannunsu, yaushe likita ke zagayowa, da ko akwai mai gashin ƙashi da ke motsa musu gaɓoɓi. Tambayi kuma wa ya fi daɗewa a cikin ma'aikatan. Inda ake sauya fuska duk wata, mai mantuwa kullum a hannun baƙo yake.

Ka duba yadda yininsa ke tafiya. Ana fito da shi ya sha hantsi? Ana taka masa ƙafa ko da zuwa zaure ne? Carbinsa na hannunsa, rediyonsa na da batir? Da yawa sun manta sunan matansu amma in aka ja musu surar da suka haddace a makarantar allo sai su ɗauka, haka mai zuwa coci da waƙoƙin da ya tashi da su. Azumi kuma, a tambayi malami da likita maimakon a bar wanda hankalinsa ya gushe ya yini da ƙishirwa.

Wani ɓangaren awon a kanka zai faɗa. Ana biyan mai jinyar a kan lokaci? Tana da ranar hutu? Wa ke karɓarta in ta yi dare biyu a tsaye? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yawancin gidaje mace ɗaya ce, suruka ko 'ya ko 'yar aiki, ke ɗauke da komai, sauran dangi sai zuwa gaisuwa da gyaran murya. Ƙwayar da aka ba Gwaggo, rabin alhakinta namu ne da muka bar mutum ɗaya da aikin mutum uku.

Mataki na shida: idan abu ya faru da tsakar dare

Wace mota, wane direba, wane asibiti, wa ke riƙe da kuɗin kati, wa zai bi shi da takardunsa? A amsa waɗannan tun ana lafiya. Daga cikin birni zuwa Shika tafiya ce, sai an wuce Samaru, don haka a san asibiti mafi kusa da ke buɗe da dare. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, numfashi sama-sama, kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, duk ba sa jiran gari ya waye. In yana da inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiha, katin ya zauna tare da na asibiti.

Zagaya gidan da idon mai neman haɗari. Rijiya a rufe take da murfi mai nauyi? Akwai fitila a hanyar banɗaki in an ɗauke wuta? Da hunturu, kaskon wuta da ruwan wanka mai zafi na ƙona tsofaffin da ba sa janye jiki da wuri. Fiya-fiya da kalanzir da maganin ɓera su yi nesa da inda hannunsa ke kaiwa. Mai yawan fita kuma, a sa masa takarda mai lambar waya a aljihu ko a ɗinke ta a riga, a sanar da mai unguwa da masu shago da 'yan acaɓan bakin layi. An sha jin tsohuwar da ta ɓata hanya tana sambatu aka taru a kanta ana ce mata mayya.

Mataki na bakwai: rubuta, kwatanta, sannan ka yi magana

Sayi littafi mai bango mai ƙarfi ka ajiye a gefen gadonsa. Kullum a rubuta abin da ya ci, ruwan da ya sha, fitsari da bayan gida, magani da lokacinsa, barci, faɗuwa, da awon jini ko suga. Boko ko ajami, duk wanda mai jinya ta iya. Gidan kula da tsofaffin da ba shi da irin wannan rubutu, ko ya hana ɗan mutum ganin na mahaifinsa, ya faɗi jarrabawa tun a nan. Ƙarshen wata ka zauna da littafin da sikeli da ledar magani ka kwatanta da watan baya. Ciwon zai ci gaba ko da jinya ta kai ƙarshen kyau, saboda haka ƙaruwar mantuwa ba hujja ba ce a kan kowa. Gyambo, rama, yawan faɗuwa, barcin rana da ba ya ƙarewa da tsoron mai jinya, su ne ake tuhumar jinya a kansu. Dangi su wakilta mutum ɗaya mai magana da likita da masu jinya, don umarni biyar daga 'ya'ya biyar na rikita aiki. Shi ne kuma zai san wa ke riƙe da katin fanshon tsohon da takardun gidansa.

Abin da ya shafi rashin sani, a gyara shi da koyarwa cikin mutunci, a keɓe: "Malama, mun gode da ɗawainiya, Allah ya saka. Ga abin da likita ya ce a sauya." A sa lokaci, mako biyu misali, a dawo a duba. In wuri ne mai shugabanci, a rubuta koken a riƙe kwafi. In ba a gyara ba, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ce ke sa ido kan asibitocin kuɗi, nas da likita kowa na da hukumar da ta ba shi lasisi, ga kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa. Duka, ɗauri, yunwa da maganin barci ba izinin likita kuwa, a raba shi da wurin a ranar, a kai shi likita ya duba ya rubuta abin da ya gani.

In ba irin wannan gaggawa ba ce, kada a riƙa yawo da shi daga gida zuwa gida, wata ɗaya wajen wannan ɗa, wata ɗaya wajen wancan. Sauyin wuri kansa na rikita mai mantuwa. Idan ƙaura ta zama dole, a yi ta da safe, wanda ya fi sabawa da shi ya raka shi ya kwana biyu a can. A tafi da filonsa da bargonsa, butarsa, dardumarsa, kofin da ya saba sha da shi, a kuma ajiye gadon ta yadda ƙofar banɗaki za ta kasance ɓangaren da ya saba juyawa. A miƙa wa sababbin masu jinya littafin da takarda ɗaya mai ɗauke da sunan da yake so a kira shi, abincin da ba ya ci, abin da ke tsorata shi da abin da ke kwantar masa da hankali. Makonni biyun farko a riƙa leƙawa kullum, har da zuwan magariba.